Gudrun Petzold, Wadda Ta Hana a Cire Makulli

Kowace safiya, ko ana zuba ƙanƙara, Frau Gudrun Petzold kan tuƙo tsohon kekenta ta bakin kogin Elbe, ta jingine shi a ƙofar ofishinmu na Dresden a Jamus, ta haɗa baƙin kofi, ta zauna gaban kwamfuta. Haka na same ta, haka take har wannan watan da za ta yi ritaya.

Aikinmu shi ne zuciyar manhajar da ke tafiyar da injin taimakon numfashi na asibiti. A tsarinmu, babu shirin da ake yanka wa wuri a ƙwaƙwalwar injin sai ya nuna makullin izininsa. Tsaro ne mai kyau, sai dai kowa layi ɗaya yake bi. Rannan asibitin da ke gwada injin ya aiko cewa ƙararrawar gargaɗin injin tana makara, saboda jiran layin nan.

A taro manajanmu, Herr Lindner, ya ce, "A cire binciken makullin nan, kowa ya huta."

Ta sauke tabarau. "Herr Lindner, in ƙofar gidanka ta cije, ɓalle ta kake yi?"

"Kwangilar asibitin fa za ta kuɓuce mana."

"Ta kuɓuce. Mutum ne kwance a ƙarshen bututun nan."

Duk lokacin sanyin nan ta yi shi a kan aikin. Ta fasa layin, ta ware wa kowane sashe rumbunsa tun kafin ya nema, bincike kuwa ko ɗaya ba ta taɓa ba. Ranar gwaji, Torsten da ke kula da awo ya ga ƙararrawar ta daina makara, ya maimaita, ya sake maimaitawa.

"Gudrun, anya agogon nan lafiya?"

"Lafiyarsa ƙalau. Kai ne ba ka yarda da tsofaffi ba."

Washegari Herr Lindner da kansa ya shigo da kek ɗin cuku, ya miƙa mata yankan farko.

Frau Petzold, ke ce gishirin aikin nan. Babu sunanki a jikin injin, majinyacin da ya tashi ya koma gida bai san da ke ba. Mu mun sani, muna kuma alfahari cewa teburinmu ɗaya da ke. Mun gode.

Ku masu tasowa, in aka ce ku sayar da amana ku sayi sauri, ku ja kujera ku zauna kamar yadda ta zauna, har sai kun samo duka biyun.