Zazzaɓin Waya

Mai Naɗi ake ce masa a layin, don tun yana saurayi sana'arsa ke nan. Zai samo ƙaton noti, ya naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe, ya jona da batir, sai ƙarfen ya zama maganaɗisu. Teloli kan saya su tsince allurai, kafintoci su kwashe ƙusoshi daga garin katako.

Wahalar aikin ɗaya ce: in wuta ta daɗe tana bin waya, waya sai ta ɗau zafi. In aka bar ta, fentin da ke jikinta ya narke, naɗin ya ƙone. Shi kuwa bai taɓa mallakar na'urar gwaji ba. Yatsa yake ɗorawa, ya ce wannan naɗin ya yi kaɗan, a ƙara, ko kuma waya ta cika siranta. Ga shi da taurin kai, ko matarsa ba ya bari ta taɓa komai a shagon.

"Hannunki na tukunya ne," in ji shi kullum.

Sai ciwon suga ya lallaɓo ya kashe masa yatsu. Ya ɓoye, kamar ana ɓoye hayaƙi. Wata rana da hantsi matar ta kawo masa abinci, ta tarar ya dafe naɗi yana ta hira da wani tela, shago duk ƙauri. Ta fizge hannun. Fatar yatsunsa biyu ta saɓule, shi ko a jikinsa.

Likita ya ɗaure hannun, ya ce in ba ya jin zafi to ya haƙura da aikin. Mai Naɗi ya dawo ya zauna a ƙofar shago, ya ƙura wa notocinsa ido. Abin ya ba matar tausayi ƙwarai, don ta san in aka raba shi da teburin nan an gama da shi.

Washegari ta jawo kujera ta zauna kusa da shi.

"Malam, jona. Ni zan taɓa maka."

Ya yi ƙunƙuni, amma ya jona. Ta damƙe naɗin da tafinta, tana cewa da saura, da saura, har hayaƙi ya tashi. Hannun da ya saba sauke tukunya ba tsumma, ina zai san zafin waya?

"Ai na faɗa miki," ya ce, yana dariya, idanunsa kuwa sun ciko.

Ta kalli tafin nata. Can ta ce ya ɗauko wani naɗin. Wannan karon bayan hannunta ta ɗora a hankali, yadda ta riƙa ɗorawa a goshin 'ya'yansu suna ƙanana.

"Wannan lafiyarsa lau." Jim kaɗan ta ce, "To, zazzaɓi ya fara. Cire."

Ya cire, ya sunsuna naɗin. Babu ƙauri ko kaɗan.

Har yanzu suna nan, shi yana naɗi, ita tana duba masa marasa lafiya. In babu mai saye takan riƙe yatsun nan biyu masu tabo. Ba ya jin hannunta, shi ya sa yake sunkuyar da kai ya kalla.