Inuwar da Ta Hana Ni Tele

Kafin gwamnati ta kawo tele, wato talabijin, garinmu, ta ƙofar gidana duniya take shigowa. Duk wanda ya yi wayo a wancan zamani tsakanin Tajaye da Illela zai shaide ni, in yana da rai kuma yana tsoron Allah. Ina da rediyo mai rigar fata da na sayo a Konni, ina kuma da lakwal, wato boko, don na ɗan zauna a benci kafin mahaifina ya lura cewa gero ya fi alli bukatata. Faransancin da na tsira da shi bai cika ludayi ba, amma a garin da babu mai ko cokali, ni ne rijiya.

Da la'asar sakaliya mutane kan taru a gindin itatuwan bedina, wanda wasu ke ce wa dogon yaro. In kunna rediyo mu ji labarun duniya, in kashe, sannan in yi bayani, domin rediyo faɗi kawai take yi, ba ta duban fuskar wanda bai gane ba. Ni na fahimtar da dattawanmu cewa Rasha da Amurka manoma biyu ne masu iyakar gona ɗaya, kowa yana wasa gatarinsa a gaban ɗan'uwansa yana cewa na faskare ne. Ranar da na kawo wannan misali har liman sai da ya gyara rawani.

Bedin nan kuwa ba daga sama suka faɗo ba. Zamanin soja ne, aka ce hamada na tafe, kowa ya dasa itace. Aka raba ƴan dashe da damina. Ni mutum ne mai jin maganar hukuma, na jera nawa daga bakin zaure har hanya, na kewaye su da ƙaya, da rani mai ɗakina ta riƙa jido musu ruwa daga rijiya. Takan ce, "Malam, ɗiyanka ma ba ka shayar da su haka ba." Ni kuwa in ce mata ɗiyana suna da ƙafar zuwa randa.

Taubashina shi ma an ba shi nasa dashen. Ɗan gwaggona ne, ni ɗan namiji shi ɗan mace, wato a al'ada bawana ne, zagi tsakaninmu halal, fushi haram. Ko gida bai kai da dashen ba akuyarsa ta cinye su, ya ce gwamnati ta kyauta da ta tuna da marayu. Ƙofar gidansa fako ce fetal, wadda ƙadangare ma da gudu yake ƙetare ta da tsakar rana. Bai taɓa leƙa lakwal ba. In ya zo sauraron labarai a wurina barci yake yi, in ya farka ya ce, "Ɗan lakwal, an gama yaƙin ko in koma?"

Wata rana maigari ya dawo daga buron kwamanda, wato ofishinsa, a Illela da albishir. Za a ba garinmu tele, irin mai aiki da rana, ta gari ce ba ta mutum ba, amma dole a kafa ta a ƙofar wani, shi ya riƙe makullin akwatinta. Babu wanda ya tambayi ko wane ne wanin. Duk idanu kaina suka juyo, ni kuma na sunkuyar da kai irin na mai kunya. Na sa aka share gindin bedi har ƙasa ta yi santsi, na ɗinka riga, na yi kwanaki ina haɗa gaisuwar baƙi da Faransanci ina gwada ta a kan tumaki.

Motar gwamnati ta iso da hantsi, da wakilin kwamanda da wani injiniya mai hular hana sallah. Na tarbe su, na zaunar da su a tsakiyar inuwa, aka kawo fura da nono. Wakilin ya miƙe ƙafa ya ce rabonsa da sanyi irin wannan tun daga Yamai. Wurin zama a ƙasarmu da inuwa ake auna shi, kowa ya san haka, mai kuka ya fi mai rumfa, mai rumfa ya fi mai bango. Sai na ga lokaci ya yi da zan rufe magana.

"Ranka ya daɗe," na ce, "wanga wuri rana ba ta taɓa ƙasa tun daga hudowa har faɗuwa."

Injiniya ya ajiye ludayi ya ɗaga kai sama. "Ko kaɗan?"

"Ko ɗigo."

Maigari ya ce, "Ko ɗigo, yallaɓai, ni shaida na." Liman ya shaida. Dattawa suka shiga rantsuwa ɗaya bayan ɗaya, wani ya ce shi har mura ya taɓa yi a nan cikin bazara. Duk don su taimake ni suke yi, Allah ya saka musu.

Injiniya ya fito da wani baƙin faranti mai ƙyalli daga mota, ya ce wannan rana yake sha ya zuba wa batir, batir ya ba tele, kuma wayar da aka ba shi gajera ce. Ya hau bayan mota ya kare ido da hannu yana duban gari. Na ga inda yatsansa ya nufa tun kafin ya miƙe shi. Taubashina ko tarbar baƙi bai zo ba, yana jingine da bangonsa yana tufkar igiya. Kafin azahar an kafa ƙarfe da siminti a ƙofarsa, an ɗora faranti, an miƙa masa makulli.

Ina so mai karatu ya tsaya ya auna wannan shari'a. Gwamnatin da ta ce in dasa itace, na dasa, ita ce ta zo ta hukunta ni da inuwarsa, ta ɗauki lada ta ba mai akuya.

Ya sa aka yi wa makullin igiyar fata ya rataya a wuya kamar laya, a saman riga ba a ƙarƙashi ba. Hanyar masallacinsa ba ta ƙofata take bi ba, amma daga ranar ta koma bi. "Ubangidana," yakan ce, yana kaɗa makullin, "in ka gama hira da akwatinka makaho, taho ka ga mutanen da kake ba mu labari. Ashe suna da hanci!" Ni kuwa in yi dariya, tun da al'ada ta ce in yi, amma dariyar ba ta wuce haƙora.

Na yi alkawari ba zan taka wurin ba. Majalisata ta fara zagwanyewa. Samari suka fara tafiya, sannan magidanta, sannan dattawan da suka yi mini shaida. Wanda ya rage mini wani tsoho ne da kunnensa ya yi nauyi, shi ma daga baya na gane inuwa yake zuwa sha. Wata magariba na nemi mai ɗakina na rasa, ta dawo tana ba ni labarin wata mata da ta gani tana tuƙa mota. Ni ake ba labari, a cikin gidana.

Da aka shiga yaƙin nan na ƙasar Larabawa saboda man fetur, gari kaf ya koma can, har da mutanen ƙauyukan kusa a kan jakuna. Mafi yawan labarun da Faransanci ake yi, taubashina kuwa ko gaisuwa bai iya da shi ba, amma wanda ke riƙe da makulli shi ake tambaya. Wata rana tunkiyata ta ɓata, ko in ce na ga kamar za ta ɓata, neman ta ya kai ni bayan dangarsa. Aka nuno manya cikin kwat sun jeru a dogon tebur, ya ce wa jama'a ƴan biki ne ke jiran tuwo. Wannan na yafe. Abin da ban yafe ba shi ne da aka tambaye shi dalilin rigimar, ya gyara zama ya ce, "Ku ɗauka manoma biyu na, masu iyakar gona guda, kowa shina wasa gatari." Misalina! Ashe barcin nan da yake yi a ƙofata kunnensa biyu. Na ji liman da bakinsa ya ce, "Kai, bawan ga akwai kai."

Washegari na kai gatarina maƙera aka wasa. Na yi niyyar in buɗe wa rana hanya, in tafi Illela in ce a sake duba maganar. Na dawo na tarar da mai ɗakina ta shimfiɗa tabarma a gindin babban bedin tana tsintar wake.

"Mi za ka yi da wanga?" ta ce.

"Sassabe kaɗan."

"To fara da ni. Ruwan da ke cikin itacen ga, a bisa wuyana ya zo. In ka gama kuma masu gandun daji su fara da kai."

Na duba gatari, na duba wuyan, na ce dama na faskare ne.

Allah bai bar ni haka ba. Aka yi babban taron ƙasa a Yamai, jam'iyyu suka ɓarke kamar ciyawar farkon damina, komai ya koma zaɓe, har kwamitin rijiya. Na tashi a gaban maigari na yi jawabi. Na ce a duniyar yau katanga ma an rushe ta a Turai, waɗanda suka daɗe riƙe da makullan ƙasashe ana ta karɓewa, ba zai yiwu garinmu ya zauna ƙarƙashin mulkin mutum ɗaya ba, mutumin ma bawa. Maigari ya gaji da ni, ya ce a yi zaɓen makulli.

Zaɓenmu ba na takarda ba ne. Ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su jeru a bayansa, a duba layin da ya fi tsawo. Aka sa rana cikin bazara bayan azahar. Wurin taro kuwa garinmu ba shi da wani sai gindin bedina, ko taubashin bai yi gardama ba. Maigari ya tsayar da ni a ƙarshen itatuwa ina fuskantar hanya, ya tsayar da shi a bakin hanya yana fuskantata. Ba ni na tsara ba. Layina ya kwanta cikin inuwa, nasa ya fita fili.

Da farko, gaskiya ɗaya ce, nasa ya fi nawa nesa ba kusa ba. Na hangi mai ɗakina tana tsaye tsakiya tana shawara da kanta. Amma maigari ya ce sai an buɗe da addu'a, limaminmu kuwa ba ya gaggawa da Ubangiji. Ya roƙa wa gari, ya roƙa wa ƙasa, ya shiga roƙa wa Larabawa zaman lafiya. Ƙasa tana cin tafin ƙafa. Wani ya fice daga layin taubashina ya ce zai sha ruwa, randa kuwa a gefena take, ya sha ya tsaya. Wani ya biyo shi ya tambaye shi ko ruwan da sanyi. Mata masu goyo suka taho gaba ɗaya. Kafin a shafa fatiha layinsa ya rage shi da ƙannensa da wani mai malfa.

"Ku komo, marasa amana!" yake ihu. "Wa ka buɗe muku tele? Maigari, wanga ba zaɓe ba na, ƙaura ta!"

Maigari ya ce shi layi aka ce ya duba, ya kuwa duba. Taubashina ya share zufa, ya ciro makullin daga wuyansa, ya rataya mini da hannunsa yana murmushin da tun a lokacin bai kwanta mini ba. "Ga kayanka, ubangidana. Bawa ya huta."

Na ce to a ɗauko tele. Maigari ya dube ni kamar mai tausayi. "A kai ta ina? Makulli anka zaɓa, malam, ba a zaɓi rana ba. Faranti na nan inda yake sha."

Haka na koma kullum da yamma ina ɗaukar buzuna in tafi ƙofar bawana in yi sallama. Sai ya bar ni na yi ta biyu kafin ya amsa daga ciki, "Wa ka sallama? A'a, mai gadin telena na. Buɗe muna, an daɗe ana jiranka." Ni ke goge farantin, ni ke duba ruwan batir, in ta lalace ni ke bin motar kasuwa zuwa Illela neman mai gyara. Shi yana kishingiɗe a sahun gaba. Fassara dai ta dawo hannuna, mutane suna saurare, ban ce ba su saurara ba. Amma baƙo in ya taho daga Badaguishiri ya tambayi gidan mai tele, ko ina tsaye da makulli a ƙirji, gidansa ake nunawa.

Telen ta daɗe da mutuwa, kaji ke ƙwai a akwatinta. Makullin yana nan wurina, na kuma hana a sake zaɓe. Wannan kusurwa ta gari har yau ƙofar mai tele ake ce mata, jikokina ma haka suke faɗa a gabana ba kunya. Shi kuwa mai sunan, yanzu haka da nake rubutun nan yana miƙe a gindin babban bedina, bai dasa ba bai shayar ba, ya rufe fuska da hula. Na ce masa ya tashi ya tafi ƙofarsa mai suna. Ya ɗaga hular kaɗan ya ce, "Can rana gare ta, ɗan lakwal. Ka rubuta da kyau, ka ce telena ta."