Jan Akwatin Mutari

Shekara ashirin ke nan da muka kai Mutari makwancinsa a Damagaram, amma har yau in na tuna shi, haushi ke riga kewa zuwa. Ba haushinsa kaɗai ba, har da namu da ya bari. Abokina ne tun muna 'yan lakwal, wato yaran makarantar boko, muka zo muka zama malaman lissafi a makaranta ɗaya. Ni alli na sani. Shi kuwa ya je wani horo ya dawo da ciwon kwamfuta, wadda mu nan muke ce wa ordinata, ya ɗaura aniyar rubuta wata 'yar manhaja da za ta riƙa saka lissafi a cikin takardar da aka buga.

Wanda bai taɓa koyar da lissafi ba zai ce wannan ma aiki ne? A lokacin, mai buga mana takardun jarrabawa kalmomi kawai take bugawa. In ta iso inda lamba ke bisa lamba, ko ƙarama ta hau kafaɗar babba, ko alamar nan mai kama da ƙugiya da muke ce wa rasin, sai ta bar fili. Malami, wanda mu nan muke ce wa mushe, ya zo ya cike filayen da hannu, sannan a kai a kwafe. Haka muka tarar, haka muke yi.

Sai ga shekarar da fari da fara suka haɗe mana kai. Malamin da zai cike filayen jarrabawar gwaji ya tafi Gaffati neman wa iyayensa abin sa wa a baka. Wanda ya karɓi takardar ya gan ta tsaf, ya kai aka kwafe. Yara suka zo daga Mirriya da Hamdara, wasu ba komai a cikinsu sai abincin yunwa, 'ya'yan anza da ganyen tafasa, aka raba musu tambayoyi. Layi ya ce a warware wannan, a ƙarƙashinsa kuma babu wannan ɗin. Aka ce su dawo wani mako. Da yawa ba su dawo ba, don kafin makon iyayensu sun kwashe su sun yi kudu neman abinci.

Daga ranar aikin Mutari ya sake fuska. Da ma ya riga ya yanke wasu shawarwari. Lissafin zai zauna a matsayin rubutu, ba hoto ba, don a iya gyara lamba ɗaya ba tare da an sake duka ba. Komai da madannai za a yi, don mai bugawa kada ta riƙa ɗage hannu tana farautar alama. In ka danna alamar rabawa, akwati biyu za su fito, na sama da na ƙasa, su yi ja har sai ka cike su. Duk wannan na yarda da shi. Abin da ya ƙara ne ya haɗa mu faɗa: muddin akwai jan akwati ko guda, takarda ba za ta bugu ba.

Na ce, "Haba Mutari, in mushe na sauri fa? Ka sa manhajar ta gargaɗe shi, ta bar shi ya buga. Da babu gara ba daɗi."

Ya ce, "Kyari, kai ka taɓa karanta gargaɗi? Dannawa za ka yi ka wuce. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Darakta ma ya gwada ta, ta ƙi shi. Ya ce, "Mushe Mutari, ban taɓa ganin injin da ke yi wa mai biro gardama ba. Cire wannan, in raba wa kowa." Mutari ya ƙi. Kafiyarsa ta fi ta jakin da ya ga gulbi, kuma har gobe ina cewa da ya sassauta da ko rabin aikin ya shiga hannun mutane. Amma kuma rabin da zai shiga ɗin shi ne marar amfani, wannan ne ke ƙara ƙona mini rai.

Ana cikin wannan jayayya masu furoje, wato 'yan ƙungiyar agajin da suka ba makaranta aron kwamfutar da yake aiki da ita, suka zo suka ɗauke ta, za a yi tsarin rabon hatsi da ita. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Mutari da kansa ya kai musu ita mota. Wa zai buɗe baki ya yi maganar rasin a gaban mai neman tiyar gero? Ya ce in an yi kaka zai ci gaba. An yi kaka, kwamfutar ba ta dawo ba, da bazara sanƙarau ya ɗauke shi. Allah Ya jiƙansa.

Da zai leƙo yau, me zai gani? Kowane malami da waya a aljihu, wadda ta fi waccan kwamfutar ƙarfi nesa ba kusa ba. Me muke yi da ita? Mu rubuta lissafi da hannu, mu ɗauki hotonsa a karkace, mu manna a takarda. In an yi kuskure, ba ya gyaruwa. Manyan manhajojin da suka zo suna da akwatunan nan, kyawawa kuwa, amma masu ladabi ne. Ka bar ƙasan lamba fanko, za su buga maka ba musu. An yi su ne don kada ran mai bugawa ya ɓaci. Yaron da zai zauna a gaban takardar ba a san da shi ba.

To me ya rage na Mutari? Manhajar tana kan wasu fayafai da yanzu ba injin da ke karanta su. Ba titi da sunansa, ba aji. Abin da na sani kawai, tun rasuwarsa ba takardar lissafin da ke fita daga makarantarmu sai na bi ta layi-layi, in na ga fili in riƙe ta, ko da darakta na tsaye a kaina. Matasan malamai na ce mini tsoho mai taurin kai. Aikin da ya so inji ya yi, ni nake yin sa da jan alƙalami da idon da ya fara gajiya.

Bana nake ajiye aiki. Na tambayi malamai wa zai karɓa, kowa ya duba wayarsa.