Muryoyi Uku da Gara Ta Ci

Warin tsohuwar takarda da ta sha laima ne ke tayar mini da wannan zance. Duk ranar da na buɗe akwatin littattafai a ɗakin karatun jami'ar da nake aiki a nan New York, sai in ji shi, sai kuma in tuna da kakana.

Kakana katikis ne, wato mai koyar da addini a coci, a wani ƙauye tsakanin Kano da Zariya. Yana da wani ɗan littafin waƙar coci da harshen Latin, bugun Turai, wanda wani fada, limamin coci, ya bari. Ba shi da bango, shafin farko ma ya ɓace. Da damina, idan aka taso daga gona, sai ya zauna a rumfa, ƙafafunsa duk taɓo, ya rera da muryarsa mai kauri. Abin da ke ba mu dariya shi ne waƙar tana da giɓi. Ya rera layi guda, ya yi shiru yana buga gwiwa da yatsa har mu ɗauka gyangyaɗi yake, sannan ya ɗora.

Kakarmu takan ce tsufa ne, ya manta baitin. Ni ma nakan tsokane shi da haka. Wata rana ya dube ni ya ce, "Amarya, ba mantuwa ba ce. Wurin waɗansu ne, jiransu nake."

Sai da na girma na gane. Irin waɗannan waƙoƙi na ɗaruruwan shekaru, akan buga kowace murya a littafinta daban. Huɗu fadan ya bari. Gara ta cinye uku a ɗakin ajiyar coci, na kakana ya tsira don yana gida. Da zan taho karatu, bai ce in aiko masa da komai ba sai sauran ukun, ya ji waƙar a cike kafin ya tafi.

Ban yi wasa da saƙon ba, ko in ce ina ganin ban yi ba. A shekarar farko na gano waƙar daga hotunan shafukansa da na ɗauka. Amma bugu uku na samu, kuma ba su zo ɗaya ba. Wani ya ɗaga murya, wani ya tsawaita shirun, wani ya ƙara alamomi nasa. Na ji tsoron in aika wanda bai dace da nasa ba, a tara mutane su rera, abin ya watse a gabansa. Akwai faifanta ma, amma shi ma wani bugun ya bi. Sai na ce bari in tabbatar. Na rubuta wa ɗakunan karatu, na yi ta jiran amsa. A jirgin ƙasa daga unguwarmu ta Mount Hope zuwa aiki, ina tsaye ina gwada shafi da shafi. Duk lokacin da mahaifiyata ta ce kakana yana tambaya, sai in ce saura kaɗan.

Haka aka yi shekara biyu. Ranar da na tabbatar, na kira ta da rawar jiki. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce kunnensa ya tafi tun kakar bara, ta ɓoye mini ne don kada hankalina ya tashi.

"Ko wanne kika aiko, ai da ya karɓa," in ji ta. "Wa zai gane bambanci a nan?"

Na ce shi zai gane.

"To, yanzu ba zai gane ba."

Duk da haka na aika. Ƙanina ya buga a takarda ya kai masa, aka ce ya sa albarka ya ajiye a akwatinsa. Matasan cocin yanzu da kibod suke waƙa, kuma ban ga laifinsu ba, amma babu mai karanta waɗannan alamomin waƙa a cikinsu. Ni kuwa ga faifan a wayata, muryoyi huɗu cif, abin da yaro zai samo kafin shayi ya huce. Har yau ban saurare shi zuwa ƙarshe ba, ban kuma san ko ladabi ne ko tsoro ba.