Sunan Furera a Filin Kokowa

Furera maƙwabciyata ce a Dakoro shekara goma sha ɗaya, danga ɗaya ta raba mu. Ƴar Ajekoriya ce. Ubanta Abarci ɗan kokowa ne da aka sani har ƙasar Rumbu, amma Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai ita kaɗai. Da ya rasa wanda zai koya wa, ya koya mata a bayan rumbu: yadda ake kama ƙugu, yadda ake duban ƙafar mutum a san inda nauyinsa yake. Tana aure ya rasu, sanin nan ya zauna a cikinta babu inda za ta kai shi.

Na sha leƙa ta da hantsi, gida ba kowa, ta rungumi turmi tana juya shi tana taɗe shi. Na ɗauka iskoki ne, har na fara hana ƴaƴana shiga gidan. Ba ta zuwa zaman tsifa da kitso, mu ma ba mu neme ta ba. Maganar gaskiya, ba mu kyauta mata ba.

Ƙanen mijinta Jimrau ƙato ne, ga ƙarfi, sai dai ƙarfin banza. Duk kaka sai an buga shi da ƙasa. Shekara ta uku da samun ƴancin kai, kumandan mai mulkin Dakoro ya ce za a yi babbar kokowa ranar bikin jamhuriya. Furera ta ja Jimrau bayan ɗaki, wata biyu tana gyara masa tsayuwa. Ba ta iya kama shi, ba ya halatta, saboda haka da karan dawa take bugun ƙafar da ya aje ba daidai ba. Ba ta nemi komai ba sai abu guda. Ɗan kokowa in ya yi kaye yakan ambaci wanda ya koya masa a cikin kirari.

Ta ce, "In ka kada, ka hwaɗi sunana. Sau guda dai, mutane su jiya."

Ranar ta zo. Mu mata muna can baya wajen masu tuyar ƙosai, muna ɗaga wuya. Jimrau ya kada mutum uku, na ƙarshen wani gwani daga garin Badar Gula. Ya tsaya tsakiyar fili, makaɗa suka sassauta, ya ɗaga hannu.

"Ni na Furera ɗiyar Abarci! Ita ta koya mini!"

Ya cika alkawari, ban ɗauke masa wannan ba. Amma kowa ya san wasan da ke tsakanin mutum da matar wansa. Fili ya kece da dariya. Mijinta har da riƙe ciki, wani tsoho ya ce wannan yaro bai bar tsokana ko a fagen fama. Jimrau ya duba hagu da dama, ya ga dariya ta fi masa sauƙi, sai shi ma ya dara.

Mata suka yi ta dafa kafaɗarta, wai ta yi dacen ƙanen miji mai ban dariya. Ta gyara kallabi ta kama hanyar gida ita kaɗai.

Daga ranar ban sake jin motsin turmin nan ba sai in daka take. Ni na ga karan dawar da idona ta kafar danga, na san gaskiya ce. Duk da haka, ranar nan a filin, da ta waigo tana neman fuska ɗaya a cikinmu, ta same ni ina dariya.