Ruwan Kanwa a Ƙarƙashin Ƙanƙara

Hajja Ƙaltume ta tsufa tana sayar da kanwa a unguwar Jambutu, cikin garin Garwa. Ran Lahadi takan kai ta kasuwar Pitowa, inda makiyaya ke saye don shanu. A wurin uwarta ta gaji rumfar, kuma tun Zulfa, 'yarta tilo, na goye take faɗa wa kowa ga magajiya nan. Ba ta taɓa tambayar magajiyar ba.

Zulfa kuwa boko ta riƙe da hannu biyu, har ta gama karatun sinadarai a Ngawundare. Sai ta samu gurbin ƙaro ilimi a ƙasar waje, ta ce ba za ta taka jirgi ba sai da yardar uwarta. Hajja ta ce atafau. Abin da ke cin ranta ɗaya ne, kada sana'ar gidansu ta mutu a hannunta.

Zulfa ta yi ta bayani, rabi Hausa rabi Faransanci, Hajja na tsintar tsakuwa daga faranti kamar ba da ita ake ba. Ran nan dai Hajja ta ɗago.

"Wai me za ki je ki duba ne?"

"Wani wata ne, Dada, ba namu ba. Duniyar Zuhal yake kewayawa. Ƙanƙara ta rufe shi ruf, amma akwai teku a ƙasa, yana feso ruwa ta inda ƙanƙarar ta tsage. An auna, an samu gishiri da sinadaran da rai ke buƙata. Ruwan ma irin na kanwa ne."

Hannun Hajja ya tsaya.

"Kanwa? Fara ko ja?"

"Ba a sani ba tukuna."

"To me ya hana ki faɗa tun farko? Ashe neman kaya za ki. Kakarki ma har bakin Tafkin Cadi take zuwa sari."

Zulfa ta buɗe baki za ta gyara, ta ga fuskar uwarta, ta haɗiye maganar. Tausayinta ya kama ta ƙwarai. Hajja ta sa mata albarka, Zulfa ta tafi.

Bara ciwon gwiwa ya zaunar da Hajja a gida. Rumfar yanzu wani yaro ɗan garin Gidar ke gyaran waya a ciki. Masu zuwa dubiya sukan jajanta mata cewa sana'a ta ƙare, ita kuma takan dube su da mamaki.

"Ta ƙare ina? Zulfa na kai. Nisa kawai ta yi da rumfa."