Fijon Da Ta Cinye Kanta

A Kwaciri in ka ce Malam Sallau sai a tambaye ka wanne. In ka ce Mai Fijo kuwa, ko akuya za ta raka ka ƙofar gidan. Akawu ne a wani ofishi a Titin Ibrahim Taiwo, shekara goma sha tara a tebur ɗaya, ba a ɗaga shi ba, bai kuma damu ba, tunda yana da Fijo ruwan toka da ya saya hannu na uku tun zamanin soja. Ita ce rawaninsa. Don ita ake matsa masa wuri a bencin majalisa, ita ke kai mai naƙuda asibiti, ita ke gaba ranar kai lefe.

Da mulki ya dawo hannun farar hula, Malam Sallau ya rantse yanzu fetur zai zama kamar ruwan famfo. Bakinsa kuwa ya kama, don ya zama kamar ruwan famfon unguwar, sai mai rabo. Farashi ya hau, layi ya miƙe, 'yan bumburutu suka yi kumatu.

Maƙwabta suka koma bas da acaɓa. Shi ya ce Allah ya tsare shi da ɗarewa bayan babur, ya tattare babbar riga kamar mai tsallake kwata. Sai ya fito da dabara. Kullum da safe ya tayar da mota, ya ba ta wuta har jarirai su farka, ya fita yana ɗaga wa mutane hannu. Da ya kai Sabon Gari sai ya cusa ta bayan shagon Ambrose, tsohon abokinsa mai sayar da kayan Fijo, ya naɗe rigar a leda, ya jawo keken da ya ɓoye, ya ƙarasa ofis ta lunguna.

"Malam, ka hau keken tun daga gida mana," in ji Ambrose, wanda a Sabon Gari aka yanke masa cibiya. "Dogon zangon ai shi kake ƙona wa mai."

"Kai ɗan kasuwa ne, ba ka san mutunci ba."

"Mutunci lita nawa yake sha?"

Yana sha kuwa. Da albashi ya gaza, Malam Sallau ya dubi safaya taya ya ce ai Allah ke tsarewa. Ambrose ya saya, aka zuba galan. Jak ya bi, rediyo ta bi. Wata ranar Talata kujerar baya ta fita a kan ɗan dako, Ambrose na cewa, "Wannan kam ka sake tunani." Bai sake ba. Wa ke leƙa cikin mota? Daga ranar duk wanda ya nemi a rage masa hanya sai ya ji birki ba lafiya.

Ana nan sai ga saƙo: jirgin yayarsa Zinariya zai sauka daga Makka. Ita ta goye shi, da kuɗin wainarta ta biya kujerar Hajji. Unguwa ta shirya tarba, kuma kowa ya san motar da za ta ɗauko sabuwar Hajiya. Ya ruga wurin Ambrose, aka ce kujerar motar tuni tana jigila tsakanin Kano da Zariya a cikin tasi. Ya dawo ya shimfiɗa tabarma a kan ƙarfe, ya jera matasai biyu, ya fesa turare.

A filin jirgi, ana guɗa, ya yi wuf ya buɗe mata gaba.

"Haba Sallau, ni karen mota ce? Alhazai baya suke zama." Ta ja ƙofar baya da kanta.

Guɗar ta tsinke. Hajiya Zinariya ta dubi tabarma, ta dubi ramin rediyo, ta yi murmushin da ya bayyana sabon haƙorin Makka.

"Ɗan'uwa, da raina ka zo mini da makara?"

"Yaya, gyara aka kai..."

"Rufe mini baki. Na yi Safa da Marwa da ƙafata, babur ne zai gagare ni?" Ta yafito ɗan acaɓa, ta haye da farin mayafinta, jarkar zamzam a cinya. Dangi suka bi ta da kabbara. Fijo ta biyo baya da jakunkuna, ta kuma mutu kafin kwanar gida, aka ƙarasa da ita da turi.

Washegari Malam Sallau ya fito da keke ta ƙofar gida, ido na ganin ido. Daga majalisa wani dattijo ya ɗaga murya: "Mai Fijo, a sauka lafiya! A kula da birki!"

Motar tana nan a kan duwatsu huɗu, kajin Hajiya na ƙyanƙyasa a inda kujerar take. Sunan kuwa, wanda don shi aka yi duk wahalar, ba wanda ya ƙwace masa. Har yara sun iya shi, suna rera masa duk sanda ya wuce yana buga ƙararrawa.